Babbar Jami'a Ko Wadda Za Ka Iya Gamawa: Jagora Ga Manyan Da Za Su Koma Karatu

Yaron da ya gama sakandare bana, ɗan shekara 17, wanda babu mai jiran sa da cefane, yana iya saɓa jaka ya tafi duk inda JAMB ta jefa shi. Ba da shi nake ba. Ina magana ne da magidancin da ya ajiye biro shekara goma sha biyar, da malamar firamare mai NCE da ta gaji da ganin ɗalibanta na jiya suna zuwa su wuce ta a matakin albashi, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da ɗan kasuwar Kantin Kwari da yake son ya riƙa karanta takardun cinikinsa da kansa, da matar da aka aurar tana aji biyar, yanzu autanta ya shiga firamare ta samu sarari.

Da zarar ka furta cewa za ka koma makaranta, masu shawara za su yi maka caa. Wani zai ce, "Malam, in za ka yi, ka yi ABU kawai, a san ka yi karatu." Wani zai ce BUK. Ba su yi ƙarya ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, ta Bayero ta tsaya da ƙafarta a 1977, kuma sunayensu suna da nauyi a ko'ina. Amma duk cikin masu wannan shawara babu wanda zai biya maka kuɗin mota, babu wanda zai riƙe maka shago ranar jarrabawa.

Ni na taɓa bin irin wannan shawara. Ina da shekara talatin da 'yan kai na samu gurbin cikakken karatu a wata babbar jami'a da ke wani gari, tafiyar fiye da awa biyu daga wurin aikina. Na yi ta nuna wa mutane takardar. Zango biyu na yi, lakcar ƙarfe takwas na safe ta fi ƙarfina, kwasa-kwasan da na faɗi suka taru, ofis suka fara yi mini kallon wanda ke cin albashi a banza, na haƙura. Sai bayan shekara uku na sake shiga wata makarantar da babu mai yi mini barka da ita, a cikin garinmu, na gama. Abin da ke tafe shi ne tsarin da ya kamata in bi tun farko.

Mataki na farko: wa zai karanta takardar?

Kafin ka ambaci sunan kowace makaranta, ɗauki takarda ka rubuta mutumin ko ofishin da za ka miƙa wa shaidar ranar da ka gama. Kusan duk amsar tana nan.

Idan ma'aikacin gwamnati ne kai, kana neman sauyin layi ko ƙarin girma, wanda zai duba fayil ɗinka abu uku yake nema: makarantar tana da izini, kwas ɗin ya dace da aikinka, kuma an ba ka izinin tafiya karatun a rubuce. Mai digiri yana fara aiki a mataki na 08 ko daga ina digirin ya fito. Ban taɓa ganin tsarin albashi mai layi dabam na 'yan Zariya da layi dabam na 'yan Dutse ko Gashuwa ba. Masu babbar difloma da suka daɗe suna kukan ana tsayar da su a mataki na 14, abin da zai buɗe musu ƙofa takardar da hukumarsu ta amince da ita ce. A nan sunan makaranta ado ne.

Idan malami ne kai, mai karanta takardarka hukumar ilimi ce ta jiha da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Digirin koyarwa a darasin da kake koyarwa ya fi maka digirin wani fanni mai ƙyalli daga babbar jami'a.

Idan kana son ka ci gaba zuwa digiri na biyu ko ka koyar a jami'a, darajar sakamakonka ta fi sunan makarantar tasiri. Wanda ya fita da daraja ta biyu ta sama daga jami'ar jiharsu ya fi wanda ya fita da daraja ta uku daga jami'ar da kowa ke ambato, domin na biyun galibi sai ya sake yin difloma ta bayan digiri kafin a saurare shi. Babba mai iyali kuwa, makarantar da ta bar masa lokacin karatu ita ce ke ba shi sakamako mai kyau.

Idan kuma don kanka kake nema, ka fahimci lissafin kasuwancinka, ko ka cire wata ƙaya da ta daɗe tana sukar ka a zuci, to mai karanta takardar kai ne. Ka yi wa kanka gaskiya a nan. Wasu abin da suke so shi ne a ce sun yi jami'a kaza. Wannan ba zunubi ba ne, amma ka san cewa shi kake saye, ka kuma san farashinsa.

Yi wani ɗan lissafi kafin ka wuce. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar 2022 ta ɗaga ta malaman makaranta zuwa 65 da 40. Wanda ya kama aiki a 2008, shekara 35 ɗinsa za ta cika a 2043. In ya gama digiri a 2030, shekara 13 ta rage masa ya ci moriyarsa. Duk shekarar da ya ɓata yana jiran gurbi a makaranta mai suna, daga cikin goma sha ukun nan take fita.

Mataki na biyu: izini da tantancewa

Ana iya sassauci a kan suna. A kan tantancewa babu ciniki, kuma a nan ne manya suka fi faɗawa rami, domin mai neman sauƙi shi 'yan damfara suke fako.

Hukumomi uku ne ke riƙe da wannan aiki a Najeriya: NUC ga jami'o'i, NBTE da ke Kaduna ga kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE ga kwalejojin ilimi. Ka shiga shafinsu na intanet da kanka ka nemi sunan makarantar. Kada ka tsaya nan. Makaranta tana iya zama halastacciya amma kwas ɗin da kake so bai samu tantancewa ba, ko kuma an amince da shi ga ɗaliban cikakken lokaci amma ba a amince a koyar da shi daga nesa ba. Tambayoyi uku ne ke nan: makarantar, kwas ɗin, da tsarin koyar da shi.

Ka yi hattara da ajin da ake buɗewa a wata firamare ko saman bene a kasuwa, da allo mai cewa reshen jami'a kaza ne ta can wata jiha ko wata ƙasa. NUC ta daɗe da hana irin waɗannan rassa, kuma takan fitar da jerin jami'o'in bogi lokaci zuwa lokaci. In sun ce suna da alaƙa da wata jami'a, je uwar jami'ar ka tambayi ofishin magatakarda. Zuwa da kai ya fi aike.

Kowa ya tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digirin Jamhuriyar Benin da Togo, kuma abin ya shafi har waɗanda suka zauna a aji da gaske. Da yawansu manyan ma'aikata ne da aka ce musu ga hanya mai sauri. Araha ba ta ado.

Wasu sana'o'in kuma suna da nasu mai gadin ƙofar bayan NUC. Jinya da ungozoma suna da hukumarsu, injiniyoyi suna da COREN, lauyoyi suna da Majalisar Ilimin Shari'a mai kula da Makarantar Lauyoyi. Ɗaliban da suka karanta shari'a a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, sun shafe shekaru da digirinsu a hannu suna jiran a ba su damar shiga Makarantar Lauyoyi, domin majalisar ba ta yarda da karatun lauya na nesa ko na wucin gadi ba. Jami'ar ta gwamnatin tarayya ce, halastacciya, amma wannan bai hana su jira ba. In sana'arka tana da lasisi, fara tambayar masu ba da lasisin.

Mataki na uku: ta wace ƙofa za ka shiga?

Fito da tsofaffin takardunka. Kusan ko'ina ana neman kiredit biyar, har da Turanci, a fannoni da yawa kuma har da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. In akwai giɓi, WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, NABTEB ma haka; cike shi tukuna, kada wani ya ce maka "za a san yadda za a yi".

Mai NCE, ko ƙaramar difloma, ko shaidar share fagen shiga jami'a ta IJMB yana iya shiga kai-tsaye ta DE ya fara daga aji biyu. Mai babbar difloma, wasu jami'o'in suna ɗaukar sa a aji uku in fannin ɗaya ne. Makarantar da ta san darajar abin da ka riga ka yi, ta rage maka shekara guda, ta ba ka kyautar da suna ba zai ba ka ba. Ka kuma duba ko sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a duk takardun da lambar NIN, domin wannan ƙaramin abu yana hana mutum barci a shekarar ƙarshe.

Mataki na huɗu: zana makonka, sannan ka nemi makarantar da za ta shiga cikinsa

Wannan shi ne matakin da na tsallake har na faɗi. Zana kwana bakwai, ka cire lokacin aiki, da barci, da salla, da kai yara makaranta, da cefane ko girki, da zumuncin da ba ya kauce wa babba: suna, jana'iza, ɗaurin aure, dubiya. Abin da ya rage shi ne jarinka. Ka rubuta na makon da ya fi cunkushewa, kada ka rubuta na makon da komai ya tafi daidai.

Yanzu auna jarin nan da hanyoyin da ake da su.

Cikakken karatu na safe zuwa yamma yana son mutum gaba ɗayansa. Likitanci, lauya da makamantansu ta nan kawai ake yin su. In ba ka da hutun karatu daga wurin aiki ko wanda zai riƙe maka sana'a, hangen Dala ne kawai, ba shiga birni ba.

Karatun yamma da na ƙarshen mako shi ne na wanda ke zaune a garin da makarantar take. BUK tana da makarantar ci gaba da karatu a kan titin Aminu Kano, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe da azuzuwan yamma, jami'o'in jihohi da dama suna da irin wannan tsari. Galibi yakan ɗara cikakken karatu da shekara guda, kuma za ka yi bankwana da Asabar ɗinka. Amfaninsa shi ne kana ganin malami ido da ido, kana zaune da tsararrakinka masu irin nauyinka.

Karatun dogon hutu an yi shi ne don malaman makaranta. Cibiyar Ilimi ta ABU da kwalejojin ilimi da yawa suna tara malamai a lokacin babban hutu a yi karatun zango cikin 'yan makonni. Akwai wuya, amma aikinka ba ya taɓuwa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, ita ma don malamin da ke bakin aiki aka yi ta, kuma tana da cibiyoyi a jihohi.

Sai karatu daga nesa. NOUN an fara kafa ta a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 zamanin Obasanjo, kuma tana da cibiyoyin karatu a faɗin ƙasar. ABU tana da tata cibiyar karatu daga nesa, Jami'ar Maiduguri ma haka. Ka lura da wannan: wani lokaci ba sai ka zaɓi tsakanin suna da sauƙi ba, domin babbar jami'ar da kanta tana da ƙofar da aka yi don irinka. Sai dai karatun nesa yana da nasa tarkon. Babu mai kiran suna a aji, babu mai tambayar ka ina ka kwana a littafi. Wanda ba ya iya zama shi kaɗai da littafi awa biyu bayan isha'i, sauƙin nan ne zai kayar da shi. Kana kuma buƙatar waya ko kwamfuta mai kyau, da data, da wurin caji, da hannun da ya saba da madannai, domin aikin gida da wasu jarrabawoyin a kwamfuta ake yi.

Ka sa yajin aiki a lissafi. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta rufe jami'o'in gwamnati kusan wata tara a 2020, ta sake yin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yaro yakan koma gida ya jira. Babban da ya karɓi hutun karatu na shekara uku, hutun yana ƙarewa ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Tambayi ɗaliban tsarin da kake so abin da ya same su a 2022.

Batun hidimar ƙasa ma a nan yake. Wanda ya haura shekara 30 ranar da ya gama, NYSC takardar yafewa take ba shi, ba ya zuwa sansani. Waɗanda suka yi karatun wucin gadi su ma wata takarda ake ba su mai nuna ba sa cikin masu tafiya. Ga ɗan shekara 40 wannan ba komai ba ne. Ga ɗan shekara 24 da yake son ya sa kaki, abin dubawa ne tun yanzu.

Mataki na biyar: kuɗin da ba a rubuta a takardar makaranta ba

Kowa yana tambayar kuɗin rajista. Shi ne mafi sauƙin sani, kuma sau da yawa ba shi ne ke karya mutum ba. Rubuta kuɗin mota na zuwa da dawowa, ka ninka da makonnin zango. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tafiyar da a da ba a lissafa ta yanzu tana iya fin kuɗin makarantar. Ƙara wurin kwana a makon jarrabawa, abinci a waje, littattafai, data, kuɗin binciken shekarar ƙarshe, da wanda za ka biya ya zauna maka a shago ko ya kula da yara. Ƙara cinikin da za ka rasa ranakun da ba ka nan. Sannan ka ninka da yawan shekarun, ka ɗora wani abu a kai domin makarantu suna ƙara kuɗi.

Tsarin wucin gadi da na nesa a jami'o'in gwamnati yawanci ya fi na cikakken lokaci tsada a takarda, amma albashinka yana shigowa. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Kafin ka jingina da shi, tabbatar daga makarantar ko tsarin da ka zaɓa yana ciki. Ma'aunina shi ne wannan: in kuɗin zango ɗaya zai sa ka taɓa kuɗin makarantar 'ya'yanka ko jarin sana'arka, makarantar ta fi ƙarfinka a yanzu. Adashin da aka tsara ɗaukarsa ta zo daidai da lokacin rajista ya fitar da mutane da yawa kunya.

Mataki na shida: gida da ofis

Ma'aikaci ya nemi izini a rubuce kafin ya biya ko sisi, ko da karatun ƙarshen mako ne. Na san waɗanda suka kawo digiri aka ƙi saka shi a fayil saboda babu takardar amincewa, wasu kuma saboda kwas ɗin bai shafi aikinsu ba. "Oga ya ce babu komai" ba takarda ba ce, kuma ana yi wa oga canjin wurin aiki.

A gida kuma, ki zauna da maigida, ko ka zauna da uwargida, a yi maganar da jadawalin a gabanku. "Allah ya ba da sa'a" na ranar farko yana da sauƙi. Abin tambaya shi ne wa zai ɗauko yara ranar Asabar, wa zai yi girki a makon jarrabawa, me za a ce wa Hajiya in ba a gan ki a biki ba. Ga matan aure da yawa, makarantar da ake zuwa da a-daidaita-sahu a dawo kafin magariba ita ce ake gamawa. Mai ciki ko mai goyo ta tambayi ƙa'idar jingine zango: sau nawa ake yarda, kuma shekara nawa ne iyakar zama a makarantar.

Mataki na bakwai: je ka gani

Zuwa yanzu jerinka bai kamata ya wuce makaranta biyu ko uku ba. Je kowacce a ranar da ake karatu, a irin motar da za ka riƙa shiga, ka duba agogo. Kada ka tsaya a ofishin sayar da fom. Nemi 'yan ajin ƙarshe masu furfura irin taka, ka ce, "Yaya, don Allah ina da tambaya." Malamai suna zuwa ranar da aka sa? Ana sauya ranar jarrabawa ba zato? Sakamako yana fitowa kafin sabon zango? Wanda sakamakonsa ya ɓata, wa yake gani, kuma wata nawa ake ɗauka? Waɗanda suka gama bara sun karɓi takardarsu? Ku nawa kuka fara, ku nawa kuka rage? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi faɗa mini gaskiya a kan kowace makaranta.

Ka kuma lura da yadda ma'aikatan suke yi wa babba magana. Za ka yi shekara huɗu ko biyar kana bin layi a gaban tagar nan.

Mataki na takwas: inda suna yake da haƙƙinsa

Kada a ce na raina manyan jami'o'i. Akwai wuraren da suna yake aiki. In kana neman gurbin ƙaro karatu a Ingila ko Malesiya, jami'ar da aka sani a waje tana sauƙaƙa tantance takardu. In fanninka yana buƙatar ɗakin gwaji, asibitin koyarwa ko gonar bincike, tsofaffin jami'o'i sun fi kayan aiki da manyan malamai. Mai son binciken noma ba zai raina cibiyar binciken noma ta ABU da ke Samaru ba. In kana shirin barin aikin gwamnati zuwa manyan kamfanoni, tsofaffin ɗaliban makaranta suna jan junansu. Ko a nan ma, sunan sashen ya fi sunan jami'ar: tambayi mutanen sana'ar inda ake koyar da ita da kyau.

Don haka ka bar suna ya zama raba-gardama. In makarantu biyu sun tsallake matakan baya duka, izini, lokaci, kuɗi da yardar gida, ɗauki wadda ta fi suna, babu laifi. In guda ɗaya ce ta tsallake, an gama magana, ko da abokanka za su ce, "A nan ka ƙare?"

Ranar da ka biya kuɗi, ka biya ta hanyar da makarantar ta bayyana a shafinta, kada ka tura a asusun wani mutum. Buɗe fayil guda ka riƙa ajiye kowane rasit, da takardar gurbi, da takardar rajistar kwasa-kwasai ta kowane zango, ka ɗauki hotonsu a waya. Kafin zangon farko ya ƙare, ka tabbatar JAMB ta san da gurbinka kuma sunanka yana cikin jerin ɗalibanta, domin har masu karatun wucin gadi da na nesa ana nemansu a can. Sannan ka nemi mutum biyu a ajinku da za ku riƙa karatu tare, ka karɓi lambarsu tun makon farko.